Risala a kan Hukuncin Farin Layi a Takardar Gina Ƙwayar Linux

Bayan haka, ka sani, ya kai mai neman sani, sababin wannan risala wata waƙi'a ce da ta auku a Damazin, ƙarƙashin rakubar gidanmu, tsakanin la'asar da magariba. Ɗan ƙanena, mai gyaran waya a kasuwa, ya ƙulla niyyar gina ƙwayar Linux da hannunsa a kan wata tsohuwar kwamfuta. Wani abokinsa ya taƙaita masa bayanin ya turo masa a waya, kuma jimlar ƙarshe ta umarce shi da ya buga make install. Ya buga, har da ɗigon aya, domin ɗigon yana manne da kalmar, shi kuwa yaro ne mai ladabi, ba ya rage wa na gaba magana. Na'ura ta amsa da cewa ba ta san ƙa'idar gina wani abu mai wannan suna ba. Ya maimaita sau uku, ta maimaita sau uku. Sai ya juyo ya ce, "Baffa, ni ne da kuskure ko ita?" Na ajiye finjalin jabana na ce, "Ɗana, ba kai ba ne, ba ita ba ce. Farin layi ne ya yi ƙaranci." Da na ga bai gamsu ba, sai shimfiɗa mas'alar ya hau kaina.

Fasali na farko: ta'arifi

Ƙwaya a lugga ita ce abin da ke cikin ɓawo, kamar gyaɗar da ake nomawa a Jazira. A isɗilahi kuwa, ita ce ɓangaren manhaja da ke zaune tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji, tana raba musu lokaci da ma'ajiya kamar yadda mai gadin ruwa yake raba wa gonaki ruwa. Wadda muke magana a kanta Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan. Yau ta haura layi miliyan 30, kuma tana cikin kowace wayar Android da yaron nan yake kwancewa. Wurin da ake buga mata umarni ma'abota fannin sun sa masa sunan da ma'anarsa ɓawo, wanda hujja ce a kan cewa sun san gyaɗa, ko da ba su noma ta ba.

Gini a nan ba ya buƙatar laka ko jan bulo. Ma'anarsa harhaɗa rubutun mutane ya koma abin da na'ura ke ganewa.

Farin layi shi ne layin da aka bari ba a rubuta komai a cikinsa ba da gangan. Faɗinmu "da gangan" ƙaidi ne, wanda ya fitar da ƙasan shafi, inda marubuci ya yi shiru don zance ya ƙare masa.

Fasali na biyu: kashe-kashen babu

Jahili yana ɗaukar babu abu guda ce. Bincike ya tabbatar da cewa huɗu ce.

Ta farko tazara, wato ɗan sararin da ke raba kalma da 'yar'uwarta. Ita ce mafi ƙanƙanta kuma mafi haɗari. A 2011 wata manhaja mai suna Bumblebee ta samu tazara guda ta ƙari a cikin umarnin goge fayil, sunan wuri ɗaya ya tsage ya zama biyu, na'ura ta share babban rumbun /usr na waɗanda suka girka ta. Ba a yi mata ƙarya ba, kuma ba ta yi wa kowa ƙarya ba. An ba ta babu a inda ba muhallinta ba, ta yi aiki da ita.

Ta biyu tsalle, wanda maɓallin Tab ke haifarwa. A ido ba ya bambanta da tazarori jere, a hukunci kuwa tsakaninsu akwai nisan Damazin da Sakkwato. Stuart Feldman, wanda ya ƙirƙiri make a Bell Labs a 1976, ya shar'anta cewa kowane layin aiki a fayil ɗin gini sai ya fara da tsalle, wanda ya sa tazara a madadinsa aikinsa ya ɓaci. An naƙalto cewa ya bar abin haka ne don ya riga ya samu masu amfani da ita kimanin goma sha biyu, bai so ya dagula musu lissafi. Saboda kunyar mutum goma sha biyu duniya take buga tsalle kusan shekara hamsin. A mazhabar Linux faɗinsa harafi 8 ne.

Ta uku farin layi, shi ne maƙasudinmu. Daga 2016, ƙarƙashin kulawar Jonathan Corbet, aka fara mayar da takardun bayanin ƙwayar zuwa tsarin Sphinx, tsohuwar takardar README ma aka sake mata tufafi aka kai ta sashen jagorar masu kula da na'ura. A wannan tsari, wanda ya yi nufin ware umarni daga zance yana da sharuɗɗa uku a jere: ya rufe jimlarsa da ɗigo huɗu, biyu bisa biyu, ya bar layi guda fari, sannan ya tura umarnin ciki kaɗan daga gefe. Idan sun cika, umarni zai fito a akwatinsa shi kaɗai, ba aya a gindinsa, ba waƙafi a kafaɗarsa. Idan farin layin ya faɗi, akwatin bai tabbata ba. Da abokin yaron nan ya kiyaye wannan, da an yi magariba cikin natsuwa.

Ta huɗu wutsiya, wato tazarar da aka mance a ƙarshen layi. Ba ta raba komai da komai. Manhajar checkpatch tana kama ta, Git yana shafa mata ja. Ita ce babun da ba ta da sana'a.

Tanbihi: mai lura zai ga cewa a muƙaddima ni ma na manna aya a gindin umarnin. Na yi haka ne domin ta'alimi.

Fasali na uku: shubuhohi da warware su

Idan mai cewa ya ce: babu ba abu ba ce, abin da ba abu ba kuwa ba ya ɗaukar hukunci. Sai mu ce masa: je ka Jazira. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, tsakanin gonaki akwai magudanan da manoma ke kira Abu Ishirin da Abu Sitta. Ba a taɓa tsinke auduga a cikinsu ba, ba a taɓa yanke dawa ba. A lissafin amfanin gona babu ne su. To ka cike su da ƙasa ka shuke, mu ga abin da za ka kai gida. Farin layi shi ne Abu Ishirin na takarda, ta cikinsa ido yake gangarawa.

Idan ya ce: magabata sun yabi taƙaitawa, ga Mukhtasar na Halilu, kalma a kan kalma ba wurin sa allura, kuma malamai suka karɓe shi hannu biyu. Sai mu ce: ƙiyasin bai inganta ba, saboda akwai bambanci. Mukhtasar yana da sharhohi, sharhohin suna da hashiyoyi, kuma ba a karanta shi sai a gaban malami, wanda yake tsayawa inda ya kamata a tsaya, ya yi gyaran murya, ya kurɓi shayi. Wannan tsayawar ita ce farin layinsu. Mai gina ƙwaya kuwa yana karatu shi kaɗai cikin dare, batirinsa na raguwa, ba mai yi masa gyaran murya. Dole a rubuta masa ita.

Idan ya ce: ƙarin layi yana tsawaita takarda. Sai mu ce: madatsar Rusairis da ke maƙwabtaka da mu an gama ta a 1966, aka ƙara mata tsawon mita 10 a aikin da aka buɗe a 2013, kuma ba a ji wanda ya ce ta zama mai surutu ba.

Akwai shubuha ta huɗu wadda ba a kawo ta ba, amma ni zan kawo ta don mutanenmu. Mu nan, jikokin waɗanda suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 da waɗanda suka biyo sawunsu, a gida Hausa muke yi, a makaranta Larabci, takardar nan kuwa da Turanci take. An fassara sassan bayanin ƙwayar zuwa harsunan Sin, Japan, Koriya, Italiya da Sifaniya, Hausa tana jiran a kira sunanta. Don haka yaranmu suna yi wa juna bayani da Larabci, daga dama zuwa hagu, umarni kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama. In aka cusa su a layi guda, sai aya da karan ɗori su rasa wanda za su bi, ka ga alamar da ke ƙarshe ta koma farko. Abin da yake mustahabbi ga mutumin Helsinki, ga mutumin Damazin ya kusanci lalura.

Mas'ala: alamar dala da ake sawa a gaban umarni. Wasu sun tafi a kan a rubuta ta, don ta nuna inda bugu zai fara. Wasu sun hana, don sabon shiga yakan kwafe ta tare da umarnin, ɓawo ya ce bai san wani umarni mai suna dala ba. Ƙaulin da na rinjayar shi ne barin rubuta ta, domin na ga ɗan ƙanena ya buga ta, kuma na ga fuskarsa.

Fa'ida: umarnin make mrproper sunan wani sabulun goge gida na Turai ya ara, kuma yana wankewa har da fayil ɗin zaɓuɓɓuka. Wanda ya kwana yana amsa dubban tambayoyi da y da n da m, sannan ya buga shi, ya wanke daren nasa. Saboda haka muhallinsa farkon takarda ne, da farin layi a samansa da wani a ƙarƙashinsa, kamar yadda ake nesanta kalanzir da murhu.

Amma ko layi guda ya wadatar ko a yi biyu, Sphinx ba ya bambanta su, sai dai na biyun israfi ne a wurina.

Yanzu yaron ya ƙuduri aika gyara ga masu kula da takardun, na wani wuri da yake ganin farin layi ya faɗi. Ƙa'idarsu ita ce kowane gyara ya zo da bayanin dalilinsa cikin sigar umarni, a rufe da layin sa hannu mai ɗauke da sunan mai gyaran, tsarin da suka ɗauka tun 2004. Gyaran nasa layi ɗaya ne, ba komai a cikinsa. Bayanin ya kai layi goma sha huɗu jiya da daddare, kuma mun tsaya ne a kan ko ya inganta a nahawu a ce "ƙara" ga abin da idan an ƙara shi ba a ƙara komai ba. Shi yana ganin ya inganta. Na ce ya bar ni in duba littattafai zuwa Alhamis.