Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Digirin MBA



Ya kai digirin sanin harkokin kasuwanci da gudanarwa, na rubuto ne a kan sharuɗɗan da ka gindaya wa masu nemanka. Ina ganin girmanka, shi ya sa ba zan ɓoye maka abin da ke raina ba.

A Amurka aka haife ka. Jami'ar Harvard ce ta fara ba da kai da wannan suna a 1908, lokacin da masana'antu da kamfanonin jirgin ƙasa suka yi girman da mai su shi kaɗai ba ya iya riƙe su, sai an sami waɗanda suka koyi gudanarwa. A 1921 malamanta suka rubuta labarin matsalar wani kamfanin takalma, suka ajiye a gaban ɗalibai, suka ce kowa ya faɗi yadda zai yi da shi ne manaja. Har gobe da wannan salo ake koyar da kai a can. Ashe tun farko daga kasuwa ka fito, aji masauki ne kawai ya ba ka.

Yau ga ka a ƙasarmu. Kana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kana Jami'ar Bayero ta Kano, inda Gidauniyar Aliko Ɗangote ta gina maka makaranta sukutum, kana Makarantar Kasuwanci ta Legas da aka kafa a 1991. Duk wanda ya taɓa sayen fom ɗinka ya san jerin abin da kake nema. Digiri na farko, galibi mai daraja ta biyu. Kiredit biyar na sakandare, ciki har da Turanci da lissafi. Takardar bautar ƙasa, ko ta shaidar an yafe wa mutum. Sakamakon karatun baya, wanda tsohuwar makarantar mutum ce za ta aiko da shi da kanta. Wasiƙun masu ba da shaida. Mai babbar difloma ta HND, ko wanda digirinsa ya gaza, sai ya fara yin diflomar bayan digiri kafin ka dube shi. Mai nemanka a Amurka ko Ingila kuwa sau da yawa sai ya haɗa da jarrabawar GMAT da ta gwajin Turanci. In an shiga, ga darussan akanta, da sarrafa kuɗi, da tallata kaya, da kula da ma'aikata, da tsara dabarun kamfani, zango bayan zango, sannan binciken ƙarshe da za a kare a gaban malamai.

Ban ce a sassauta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda bai iya lissafi ba, ba shi da abin da zai yi da takardar riba da asara. Kukana a kan sharaɗi guda ne, wanda a ganina shi ne ranka: gogewa a wurin aiki. A manyan makarantun waje, yawancin waɗanda ake ɗauka sun yi shekaru suna aiki kafin su dawo aji, domin kowane ɗalibi malami ne ga na kusa da shi. A nan gida kuwa wannan sharaɗi shi ne ya fi saurin lanƙwasa. Yaro ya gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba, sai a ce masa ya je ya yi MBA kafin Allah ya kawo. Bai taɓa biyan ma'aikaci albashi ba, bai taɓa kwana da bashin mutane a wuyansa ba. Me zai faɗa in an tambaye shi yadda ake sallamar ma'aikacin da ya yi shekara goma tare da kai?

A daidai wannan lokaci, akwai wanda ƙofarka take rufe a gabansa. Ka shiga Kantin Kwari ka tsaya a shagon mai atamfa da shadda. Ka dubi littafin da yake ajiyewa ƙarƙashin kanta: sunan kowane abokin ciniki daga Maraɗi ko Yola, dila nawa ya ɗauka, nawa ya bayar, yaushe zai cika. Ya san wanda za a ba kaya da baki kawai da wanda sai an ga kuɗi a ƙasa. Da safe yana bin farashin dala kafin ya yanke wa kaya kuɗi, domin ya san in ya sayar a tsohon farashi ba zai iya mayar da irinsa ba. Ko ka je Dawanau da kaka, ka ga mai sayen riɗi yana damƙar hatsi a tafin hannu yana duba ƙasa da danshi, yana lissafin kuɗin sito da na 'yan dako da abin da buhu zai rage kafin bazara. Duk abin da kake koyarwa da sunaye masu nauyi, waɗannan mutane suna yinsa kullum. Abin da suka rasa shi ne naka: yadda ake rubuta lissafin da banki zai yarda da shi, yadda ake raba kuɗin shago da na cefane, yadda za a tsara dukiya ta rayu bayan mai ita. Gidaje nawa muka gani da suka yi suna a kasuwa, rabon gado ya watsa su cikin shekara biyu?

Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro har ƙasar Ashanti, ya kuma zama babban dillalin gyaɗa kafin rasuwarsa a 1955, da yau zai zo da fom a hannu, takardun da kake nema za su tsayar da shi a bakin ƙofa. Wannan ya isa ya sa ka sake tunani.

Sai kuma binciken ƙarshe. Nan ne ya kamata a gane wanda ya cancance ka, amma nan ne aka fi yi maka sakaci. Ɗalibai da yawa suna maimaita batutuwan da aka riga aka tauna, su raba takardun tambayoyi a ofis guda, su ɗaure da bango mai kauri, a jera a kanta ƙura ta rufe. Alhali kasuwar Kurmi da ta Singa da masu jima da masu rini suna cike da matsalolin da ba wanda ya rubuta labarinsu yadda aka rubuta na kamfanin takalman nan.

Roƙona gare ka da masu riƙe da kai, tun daga Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa har shugabannin sassa, shi ne ku tsaya kai da fata a kan shekarun aiki, kada a ɗauki wanda bai taɓa riƙe amanar kowa ba. Ku sa kowane ɗalibi ya yi bincikensa a kan wata sana'a ta gaske da ya zauna a cikinta. Sannan ku yi wa gogaggen ɗan kasuwa tsani: satifiket da za a koyar da Hausa da Turanci, ranar Asabar da Lahadi, daga nan difloma, wanda ya jure ya hau har ya iso gare ka. Ku fara da aji guda, ku gayyato mutanen Kwari da Dawanau su zauna a ciki.

Wassalam.