Ƙaurin Gayu

A gidan Bahaushe, idan ƙauri ya tashi daga kicin, to wani zai sha faɗa. Ko dai 'yar aiki ta tafi hira ta bar miya a wuta, ko amarya ta shagala da waya. Amma yanzu akwai wani sabon ƙauri da ya shigo gari, wanda ba a faɗa a kansa, sai ma a gayyato ƙawaye su zo gani. Ƙaurin fici da sukari ke nan.

Ga wanda bai san fici ba, kuma ba abin kunya ba ne rashin saninsa, ɗan itace ne mai girman lemon zaƙi, fatarsa da laushin gashi-gashi, da ƙwallo mai tauri a tsakiya. Asalinsa ƙasar Sin, kuma har gobe fiye da rabin wanda duniya ke nomawa daga can yake fitowa. Bishiyarsa ba ta fure yadda ya kamata sai ta sha sanyi na gaske na tsawon makonni, ba irin hunturunmu da ake fita da rigar sanyi da asuba a tuɓe ta kafin azahar ba. Saboda haka ficin da ka gani a babban kanti a Kano ko Abuja baƙo ne da ya sha hanya: ko ɗanye daga ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, wanda aka tsinke da sauran taurinsa don kada ya lalace a tafiya, ko yankakke a gwangwani yana iyo cikin ruwan sukari. Kuɗinsa kuwa, sai dai mu ce Allah Ya rufa asiri.

A inda ake noma shi, soya shi ba abin a zo a gani ba ne. Tsakanin Yuni da Agusta, a wurare irin su jihar Jojiya ta Amurka, yana yawa har a rasa yadda za a yi da shi. Mace takan raba shi biyu, ta cire ƙwallon, ta narkar da ɗan bota a kasko, ta barbaɗa sukari, ta kife shi a kai bisa matsakaiciyar wuta, ta ƙyale shi har fuskarsa ta yi ja, ta yayyafa kirfa. Kafin minti goma an gama. To, su ma Turawan sun taɓa yin gayu da shi: a shekarun 1890 wani kuku Bafaranshe, Auguste Escoffier, ya haɗa shi da askirim a otal ɗin Savoy na Landan don karrama mawaƙiya Nellie Melba, har haɗin ya ɗauki sunanta. Amma shi aƙalla an cinye nasa.

Namu kuwa ba don ci ake yi ba. Uwargida kan fara ne da jingine waya a jikin gwangwanin madara, ta gwada haske, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta kora yara tsakar gida. Sannan ta kunna gas har ƙarshe, domin hannun da ya saba da suyar ƙosai bai yarda da ƙaramar wuta ba. Shi kuma sukari ba ya jiran kowa. Yakan fara juyewa ne idan zafi ya kai wajen digiri 160, kuma daga ruwan zinariya zuwa baƙi ƙirin 'yan daƙiƙu ne kawai. A daidai waɗannan daƙiƙun ne wayar kan zame. Kafin a tayar da ita a sake murmushi, kasko ya fara hayaƙi. Cikin gaggawa sai a juye ficin gwangwani har da ruwansa, alhali kamata ya yi a tsane shi tukuna. Tartsatsi ya tashi, ɗigo ɗaya ya sauka a tsintsiyar hannu, kan lallen da aka biya kuɗi aka zana jiya. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, ga shi yana mannewa a fata. Salatin da ake yi a nan ba ya shiga bidiyo.

Daga ɗaki sai muryar suruka: "Wai me ke ƙonewa ne a gidan nan?"

"Ba ƙonewa ba ne, Hajiya, haka ake yinsa."

Sai a kawo shi falo, ɓari biyu a tsakiyar farantin da zai ɗauki shinkafar mutum huɗu, da ganyen na'a-na'a guda a sama, da askirim ɗin da ya koma kunu tun da aka ɗauke wuta da hantsi. Babu mai taɓawa sai an gama hoto ta sama, ta gefe, da wanda aka riƙe cokali kamar za a ci. Ƙawaye su ɗanɗana, ɗaci ya doki maƙogwaro, su haɗiye da ƙyar, su ce, "Kai, Anti, wannan hannu naki akwai albarka!" Maigida kuwa, wanda ya san gaskiyar da ake faɗa a gaban baƙi tsada gare ta, ya gyaɗa kai sau uku, ya yaba, can ƙasa-ƙasa ya tambaya ko akwai sauran tuwon jiya. Hajiya ce kaɗai ba ta tsoron kowa. Ta tauna, ta yi shiru, ta ce, "Wannan ai mangwaro ne da bai ji daɗin duniya ba. Nawa kuka saye shi?" Nan take kowa ya tuna yana da saƙon da bai duba ba.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, ƙasar nan cike take da gwanayen sarrafa sukari a wuta. Tsohuwar da ke yin gullisuwa, da mai kantun riɗi, da mai alewa, babu wadda ta taɓa riƙe ma'aunin zafi. Da ido da hanci suke aiki, in sun yi shakka su ɗiga kaɗan a ruwan sanyi su murza. Jan sukarin da uwargida ta zagaya kantuna uku tana nema a kwali, ɗan'uwan mazarƙwaila ne, wadda ake dafawa daga rake a yankin Maƙarfi tun kafin a haife ta. Amma ka ce mata ta je wurin kakarta ta koyi gullisuwa, sai ta tambaye ka ko talla ka ga za ta ɗora. Ga mangwaro jibge a kasuwar 'Yan Lemo duk watan Afrilu, ga abarba, ga ayaba, dukkansu suna karɓar bota da sukari a kasko ba gardama. Laifinsu ɗaya: kowa ya san farashinsu.

Bayan baƙi sun watse, kasko ya koma hannun 'yar aiki. Da za a zuba masa ruwa a mayar kan wuta ya tafasa, da sukarin ya narke da kansa. Amma babu wanda ya gaya mata, sai ta sa soson ƙarfe ta kankare baƙin sukarin har da rufin kaskon da aka zo da shi cikin kayan aure. Da safe ita za ta sha faɗa.

Mai karatu, idan aka gayyace ka cin fici ranar Asabar, ka amsa gayyata, ka yaba, ka danna wa hoton alamar so. Amma ka ci tuwonka tun daga gida.