Ciwon Son Suna da Yadda Yake Kama Jama'a

Son suna larura ce da take shiga mutum ta kunne tun ido bai ga mai sunan ba. Wanda ta kama, da zarar ya ji an ce "Hanan" sai jikinsa ya yi sanyi, ya yanke hukuncin cewa fara ce, doguwa, mai sanyin murya, alhali ko inuwarta bai taɓa gani ba. Tana kama maza da mata, amma ta fi tsanani daga shekara 18 zuwa ranar da mutum ya fara biyan kuɗin haya.

A da Bahaushe bai ɗora wa kansa wannan wahala ba. Bayan sunan yanka da liman ya raɗa ranar bakwai, sauran aikin kalanda ce take yi: na Lahadi Ɗanladi, ta Juma'a Jummai, mai bin 'yan biyu Gambo, namijin da ya zo bayan mata Tanko. Mai son sunan Muhammadu kuwa sai ya kama lissafi, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har Ashiru in Allah ya ba uwargida lafiya. Ba a taɓa jin saurayin da ya kasa barci don an ce wata Talatu tana gaishe shi ba.

Littafi da fim su ne manyan masu yaɗa cutar. Da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da littafin In Da So Da Ƙauna a 1991, sunan jarumarsa Sumayya ya yi tashe, ya ɗan lafa, sai shirin Labarina na Aminu Saira ya sake hura masa wuta. Rediyo ma yana da nasa laifin. Yaƙin tekun Fasha na 1991 ya bar Saddam da yawa a unguwanni, shekarar 2001 ta bar Usama. Iyayen sun huce tuntuni, yaran ne suke shan kallo a gaban tagar masu ba da biza.

Inda cutar ta fi gwanancewa shi ne wajen alkunya. Asalin al'adar mai kyau ce: an sa wa jariri sunan kaka, ba a son a riƙa kiransa gatsau, sai a ce Abba ko Ummi. Yanzu ta zama hanyar yi wa tsofaffi wayo. Ranar suna za a je a durƙusa gaban Hajiya Kulu a ce, "Hajiya, an yi miki takwara." Tsohuwa ta yi hawayen daɗi, ta kwance bakin zani, ta aika da turmin atamfa da 'yar tunkiya. Kafin a gama rabon naman suna, mai jego ta sanar a waya cewa za a riƙa kiran yarinya Afnan, ita kanta ta koma Maman Afnan. Daga ranar ba mai sake ambaton Kulu a gidan sai in za a karɓi kayan salla. Shekara 6 bayan haka malamin aji ya buɗe rajista ya kira Hauwa'u har sau uku, yarinya tana zaune tana taya shi dubawa.

Wadda iyayenta suka riga suka yanka mata rago ba ta rasa dabara. Indo takan wayi gari a Facebook ta zama Eesha, Dije ta zama Deejah, Habu mai cajin waya ya zama Sadeeq. Saurayi ya yi wata shida yana tura kati saboda daɗin sunan, sai ranar ɗaurin aure waliyyi ya gyara murya ya ce ya ba da 'yarsa Hansatu. Ango ya waiga yana neman wanda aka ɗaura wa.

Akwai kuma nau'in da ba ruwansa da zuciya, daga aljihu yake tasowa. Shi ne mutum ya tsinci kansa da ƙaunar sunan Alhajin unguwa ana saura wata biyu matarsa ta haihu. Sunan kawu mai facin taya, duk da tsoron Allahnsa, ba a cika rububinsa ba. Sunan ɗan siyasa kuwa yakan yi zaƙi shekara huɗu, ko takwas in an yi tazarce.

Har yau ba a samo wa larurar magani ba, asibiti ko na gargajiya. Abin da aka lura shi ne takan sauka da kanta bayan an cinye kayan gara. A lokacin ne mijin da ya sha rera sunan a waya yake komawa "ke, ina makullina?", ita kuma ta amsa daga madafa, "Baban Khalifa, gawayi fa ya ƙare."