Ɓarawon da Ke Cikin Salansa

A shekarar 2023 da aka janye tallafin man fetur, lokacin da kowane mai mota ya koma duban allurar mansa kamar yadda mai azumi ke duban rana in la'asar ta yi sakaliya, a sa'an nan ne Allah Ya jarrabe ni da wata fitina wadda, da na nemi fatawar masana tun farko, da ban zubar da girmana a gaban iyalina ba.

Mafarin al'amarin wata 'yar fitila ce ruwan ɗorawa, mai siffar inji, da ta kama a bayan sitiyarin motata, wadda na saya 'yar Kwatano bayan ta ƙare ƙuruciyarta a Turai. Na garzaya wurin bakanikena, ya dube ta, ya yi murmushi irin na wanda ya ga jiya ya ga yau, ya ce, "Malam, ai wannan ado ne, duk motar garin nan da irinta." Ya yanko baƙin salatif ya manna a kanta, na ba shi na goro, na tafi ina yaba hikimarsa.

Ba a jima ba sai mota ta soma shan mai kamar raƙumin da ya ƙetaro Sahara, har man da ke kai ni mako ya koma ba ya wuce kwana huɗu. Na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, na kuma sha karantar da ɗalibai haka, amma da Shaiɗan ya nuna mini ɗan ƙanena, wanda ke wanke motar kullum da asuba, nan take na zama alƙali, na zama mai ƙara, na zama shaida, na yanke masa hukuncin satar mai ba tare da na ji ta bakinsa ba. Hujja kaɗai ta rage. Saboda haka wani dare na ɗauki tocila da gora, na shige kujerar baya, na ɗan sauke gilashi don in sha iska, na kwanta ina dakon ɓarawo. Sauro suka yi walima a kaina har sulusin dare na ƙarshe, sa'an nan barci, wanda shi ne ɓarawon gaskiya, ya sace ni. Ban farka ba sai da bokitin ruwan sanyi ya shigo ta gilashin nan ya same ni a fuska. Na zabura ina salati, yaro ya ja da baya riƙe da soso, ya ce, "Baffa, lafiya? Ko Hajiya ce ta kore ka?"

Uwargida, wadda ta ga kome daga bakin ƙofa, ba ta yi dariya ba sai da ta shiga ɗaki. Da ta fito ta ce, "Malam, in ɓarawo kake nema, dubi bangon da kake juya wa bayan motar." Na duba, sai ga shi ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ranar nan aka haɗa ni da wani saurayi mai gwada mota da kwamfuta. Ya ɓare salatif, ya dube ni, ya yi mini kara bai ce kome ba, ya soka na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya ce, "Baba, sensar iska ce ta gaji." Ya shiga ƙarƙashin mota ya kwanto wani abu mai kama da fulogi da wutsiyar waya, ya zaunar da ni, ni da nake karantarwa shekara da shekaru, ya ɗora mini karatu daga baƙi.

Ashe inji yana da mizani: kowane awo ɗaya na fetur yana bukatar awo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai. Aikin wannan 'yar aba, wadda ke ɗaure a jikin salansa, shi ne ta shinshini hayaƙi, ta gwada iskar oksijin da ta rage a cikinsa da ta sarari. A bakinta akwai wani tangaran na zirkoniya da aka shafe da filatinom, wanda in ya yi zafi ya kai wajen digiri 300 yakan haifar da 'yar wutar lantarki da ba ta cika bolt ɗaya ba: in mai ya yi yawa ta haura wajen 0.9, in ya yi kaɗan ta sauko wajen 0.1. Da wannan rahoto ƙwaƙwalwar mota ke ƙara mai ko ta rage, ba dare ba rana. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙago ta, motar Volvo ta fara ɗaukarta a 1976. In tsufa ya cim mata, ko baƙin mai da ruwan lagireto suka riƙa tsiyaya suna toshe mata hanci, sai ta koma shaidar zur, ko ta yi gum, ƙwaƙwalwa kuwa ta yi ta ambaliyar mai bisa ihtiyaɗi. Irinta masu wayar ɗumama kansu, in ji shi, tun daga kilomita dubu 100 ya kamata a soma sa musu ido, tawa kuwa ta ninka haka tun tana hannun Bature.

Na sayi sabuwa aka ɗaura, fitila ta mutu, na nemi gafarar yaro, shi kuwa ya yafe bisa sharaɗin sabon takalmin ƙwallo.

Kwana uku tsakani fitilar ta sake kamawa. Saurayin ya gwada, ya ce wannan karon sensa ta biyu ce, ta can baya, ke ba da shaida, kuma gaskiya take faɗa: ɗanyen man da na yi watanni ina turawa ya ƙone matatar hayaƙin nan mai saƙar zuma a ciki, wadda bakanikai ke kira indomi. Na tambayi kuɗinta. Da ya faɗa, sai na yi istirja'i, na yi masa godiya, na komo gida a hankali, na tambayi uwargida ko akwai sauran baƙin salatif a gidan nan.