Furen da Ya Ɗauki Mai Lambu Aiki Ba Albashi

Ni dai na daɗe da yanke hukunci a kan furen nan na ƙasashen sanyi da masana ke kira Cypripedium: ɗan damfara ne, kuma mai lambun da ya haƙa masa fadamar ƙarya a bayan gidansa shi ne babban wanda aka damfara. Sunan ma daga Girkanci aka haɗa shi, ma'anarsa takalmin gunkiyar soyayya, saboda leɓen furen ya kumbura kamar silifas ɗin jariri. To a cikin wannan silifas ɗin ake tafka ta'asar. Ƙudan zuma zai hango launi, ya ji ƙamshi, ya afka ciki yana zaton an dafa masa wani abu. Babu ko ɗigon zaƙi. Bangon ciki santsi gare shi, ba ya hawuwa, sai ya rarrafa ta wata 'yar kafa a baya, inda furen zai shafa masa garin haihuwa a gadon baya ya sallame shi da yunwarsa. Abin haushin, ƙudan yana fita sai ya faɗa wani silifas ɗin. Wanda ya fahimci wannan ya gama fahimtar mai lambu.

Duba yadda ake gina fadamar. Mutum mai hankalinsa a Ingila ko Jamus ko arewacin Amurka zai haƙa rami kamar rabin mita, ya shimfiɗa leda mai kauri don ta riƙe ruwa, sannan ya ɗauko cokali mai yatsu na lambu ya huhhuda ledar don kada ta riƙe ruwan. Ya cika ramin da yashi da ruɓaɓɓiyar gansakuka, wadda daga fadamar gaske aka yanko ta, inda take taruwa kamar milimita ɗaya a shekara. Wato an rushe gidan Allah-ya-yi don a gina na kwali. Bayan duk wannan sai furen ya fito da sharuɗɗansa kamar amaryar da ta san an matsu: saiwa tana son danshi, amma idan ruwa ya kwanta a wuyanta lokacin hunturu ta ruɓe. Don haka a tsakiyar fadamar da aka sha wahalar haƙawa, sai a tara masa tudu a dasa shi a sama. Kuma dangin ba bakinsu ɗaya ba. Mai ruwan ɗorawa na Turai ƙasa mai farar ƙasa yake so. Mai ruwan hoda na dazuzzukan gabashin Amurka kuwa sai ƙasa mai tsami, har masu renonsa kan tsiyaya ruwan tsami na girki a cikin ruwan ban-ruwa. Ruwan famfo da kai da iyalinka kuke sha bai kai matsayinsa ba, sai na sama.

Sai maganar jira. Irinsa kamar ƙura yake, ba shi da guzurin ko kwana ɗaya, ba ya tsirowa a daji sai wani naman gwari na cikin ƙasa ya ciyar da shi. Wanda jihar Minesota ta ɗauka furenta na hukuma yakan kai shekara 16 kafin ya yi furen fari. A wannan tsakanin an yaye yaro, an sa shi makaranta, ya fara gemu. Dole kuma furen ya sha sanyi na wata uku ko fiye kafin ya farka, shi ya sa ake ƙulle ƙananansa a leda a sa a firji kusa da madarar yara, uwargida tana kallo tana haɗiye magana. Ranar da tsiron ya leƙo kuwa, dodon-koɗin nan marar ƙoƙo yakan zo cikin dare ya yi sahur da shi. Idan ya tsira ya yi fure, sati biyu zuwa uku ne, kuma gashin ganyensa yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Ladan reno ke nan.

Za a ce mini kyau ba shi da farashi. Na yarda furen yana da kyau, ai shi ma ƙudan abin da ya gani ke nan. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa renon gida yana ceton na daji, kuma a nan dole in sassauta murya. Masu kwaɗayin tsirrai na zamanin Sarauniya Biktoriya sun yi ta tumɓuke mai ruwan ɗorawan nan har aka ce ya ƙare a Ingila a 1917. A 1930 aka ga ƙwaya ɗaya tal a tsaunukan Yokshaya, aka ɓoye wurin, aka riƙa yi mata gadi kamar matar sarki, daga baya masanan lambun Kew suka koyi tsirar da irin a kwalba suka mayar da 'ya'yan daji. Aiki ne na kirki. Sai dai ku lura, wannan hujjar tawa take ƙarfafawa: fure ɗaya ya sa mutane kwana a tanti suna gadinsa, ya sa masana hidima shekara da shekaru, bai biya kowa sisi ba.

Saboda haka wanda ya nace sai ya shiga silifas ɗin, ya sayi irin da aka rena a gidan reno, musamman haɗaɗɗun da manoman Jamus suka fitar irin su Gisela, waɗanda suka fi haƙuri da kuskure. Kada ya taɓa na daji. Kuma ya sanar da uwargida batun firjin tun kafin ya ɗauki shebur.