Yadda Za Ka Hau Dutse Ka Dawo Lafia Lafiya

Duk wanda ya bi hanyar Akwanga daga Lafia, ya wuce Shabu, ya doshi Nasarawa Eggon, ya ga duwatsun Eggon ta tagar mota, ya kuma ce a ransa: "Wannan ai kafin shayi ya huce na hau." Malam, hangen Dala ba shiga birni ba. Ina son duwatsun nan, ina kuma son ka hau su, shi ya sa zan gaya maka gaskiya tun kana ƙasa.

Mu fara da sutura, don a nan ake fara faɗuwa. Babbar rigarka mai aiki ta ɗaurin aure ce, ka bar ta a rataye. Ƙaya ba ta san shadda ba, ba ta kuma tambayar kuɗin ɗinki. Takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa shi zai sauko da kai kafin ka yi niyya, silifas kuwa zai tsinke a daidai inda ba shago ba mai gyara. Nemi kambas mai kaushin tafi, da dogon wando mai kauri, saboda karara. Wanda bai san karara ba, ranar da ya goge ta zai yi rawar da ba a koya masa ba, ba kiɗa ba maroƙi.

Ka fita bayan sallar asuba, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ranar Lafia ba ta jin roƙo. Kada ka nemi ƙarfi da malmalar sakwara uku da miyar agushi. Doyarmu abar alfahari ce, amma ita za ta hau ka, ba kai za ka hau dutse ba. Kunu da ƙosai sun isa. A jaka ka sa dabino, da gyaɗa, da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, sai ruwa. Ruwan da kake ganin zai ishe ka, ninka shi biyu. Ledar da ka shanye kuma ta koma cikin jakarka, ta biyo ka gida.

Yanzu ga babbar magana. Dutsen nan gidan mutane ne. Kakannin Eggon sun zauna a kansa tsararraki da dama, ya kāre su a zamanin hare-haren kama bayi, suka jera duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa a jikin gangare. Har yau suna da sarkinsu, Aren Eggon, kuma kowane ƙauye yana da manyansa. Saboda haka ba a faɗa wa dutse kamar an shiga kasuwa. Ka tsaya a ƙauyen da ke gindinsa, ka gai da mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambayi lafiyar hanya a wannan makon, ka roƙi a haɗa ka da yaron da ya san wurin. Ka biya shi da kyau. Shi ya san kogon da ake shiga da wanda ake girmamawa daga nesa, ya san inda kububuwa ke son kwanciya. Idan ya ce kada ka zura hannu a wani rami, kada ka nemi hujja.

Sai dai ka koyi yarensa na hanya. In ya ce "mun kusa", an yi sulusi. In ya ce "saura ƙiris", an yi rabi. In ya nuna da leɓe ya ce "ga shi can", zauna ka ci dabino.

A tsakiyar hawa, lokacin da kake jin bugun zuciyarka a kunne, wata dattijuwa za ta zo ta wuce ka da dami a bisa, ta ce maka "sannu, ɗana". Ka amsa da ladabi, "sannu Mama", ka matsa mata, sannan ka dubi ƙafarta. Gajeren taku take yi, ba ta gudu, ba ta tsayawa, tana bin gangare a karkace. Duk ilimin hawan dutse ke nan, kyauta. In kuma kai Babarbare ne, ka yi kuskuren tafiya da aboki Bafulatani, to ka haƙura da tsiya: zai riga ka kaiwa, zai kuma ba da labarin har a bikin 'ya'yanka.

Hoto halal ne, amma ka tsaya cak kafin ka ɗaga waya. Ba a ja da baya a bakin dutse don a samo gari a cikin hoto.

Idan ƙafa ta saba, sai Farin Ruwa, a ƙaramar hukumar Wamba, kimanin kilomita 120 daga Lafia ta Akwanga. Ruwan yana zubowa daga tsaunukan Filato, tsayin kusan mita 150, wato ya fi na Biktoriya da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, mai mita 108. Ya fi cika da damina, amma a lokacin hanya ta fi caɓi, dutse kuma ya fi santsi, don haka ƙarshen damina ya fi daɗi. Ɗan acaɓa zai kai ka inda babur ya gaji, sauran kuma da ƙafa cikin kurmi. Tun ba ka gan shi ba za ka ji rugugi, sannan feshi mai sanyi ya tarye ka, farin hayaƙi ya tashi kamar an kunna wa dutsen wuta. Ka yi alwala a gefe inda ruwa ya lafa. Gindinsa ba wurin gwada iyon da ka koya a rafin Amba ba ne.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, don haka ka sari sanda, ka juyo tun rana na sama, la'asar ta same ka a kan kwalta. Washegari cinyoyinka za su yi yaji, zaman tahiya zai gagara, maƙwabta za su zo dubiya. Ka ce uwargida ta dafa ruwan zafi, sannan a kawo sakwarar nan uku.