Zuwa Ga Bazazzagen Da Aka Rage Wa Tumbi Aka Bar Masa Harshe

Bawana Bazazzage, gaisuwa irin ta ubangida da yaron gidansa. Ina gajiya, yaya yara, yaya matarmu? Ka yi mini sannu gare ta da aikin gadi, don na ji yanzu da makullin kicin take kwana a ƙarƙashin matashi, kai kuma kana zagaya ƙofar cikin dare kamar mage ta ji ƙamshin kifi.

Na daɗe ina rufa maka asiri saboda kai dukiyata ce, kuma Bakano ba ya kushe hajarsa a kasuwa. Abin da na gani a motarka ranar Asabar ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna, muna hanyar Zariya daga Kano, jami'an hanya suka tsayar da mu bayan Kwanar Ɗangora suka ce a kawo takardu. Ka buɗe ɗan akwatin gaban mota, sai ga curin mazarƙwaila biyu sun gangaro kan cinyata, ɗaya da shatin haƙoranka a jiki, tururuwa na bin ta a layi kamar masu karɓar albashi. Takardar inshorar ma ta manne da ledar alewar madara, sai da jami'in ya ɓanɓare ta da farce. Ka dube ni ido cikin ido ka ce ta yara ce. Ƙaramin ɗanka yana aji uku a jami'a, Bazazzage.

Bari in tuna maka inda aka fito, tunda suga ya fara cinye maka tunani. Shekara biyu da suka wuce kilo 138 gare ka. Ciwon suga, hawan jini, gwiwa ta ƙi, sallar farilla a kan kujera, minsharinka kuwa har maƙwabta sun san lokacin da ka juya. Ka sayar da fili, ka hau jirgi zuwa Alƙahira, aka kwantar da kai aka yi maka tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake kewaye tumbi. Aka yanki ɗan saman tumbin aka mayar da shi 'yar jaka kamar ƙwan kaza, aka jawo ƙaramin hanji aka jona da ita, ragowar babban buhun da farkon hanjin aka bar su gefe abinci ba ya bi ta cikinsu. Wani likita ne, Edward Mason, ya fara wannan aiki a jihar Iowa ta Amurka a 1966, bayan ya lura cewa masu gyambon ciki da aka yanke wa wani sashe na tumbi ramewa suke yi. Bawan Allah ya yi lissafinsa da kyau, sai dai bai taɓa zuwa Maƙarfi lokacin rake ba.

Watannin farko kam ka ba mu mamaki. Mako biyu kana kurɓar romo da cokalin shayi, daga nan abinci markaɗaɗɗe kamar na yaye, sai wajen wata biyu ka fara tauna. Yunwa ta ɗauke maka ɗif. Kilo 42 suka zube, ka koma 96, tela ya rage manyan rigunanka har ya samu yadin yi wa ɗansa jamfa. Ka ajiye allurar suga, ka koma sujada da goshi a ƙasa, har ka fara yi mana wa'azi a majalisa kan illar tuwon dare. Mun jure.

Abin da likitan ya gaya maka ka yi kunnen uwar shegu shi ne wannan daɗin yana da wa'adi. Ramewar takan tsaya ne tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. Daga nan yunwa ta fara leƙowa, jakar ta ɗan saki, jiki kuma, da yake ya ƙanƙance, ya rage abin da yake ƙonawa. A nan ake gane wanda ya canza hali da wanda wuƙa kawai ta tsare. Ma'aunin gidanka, in ji majiyata mai makulli, yanzu 107 yake nunawa, kuma kullum kana cewa batirinsa ne ya yi sanyi.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne ilimin da ka zuba a harkar. Ba banza aka ajiye muku jami'a a gari ba. Ka gano da kanka cewa tsokar kaza loma uku take cika jakar ta tsaya ƙyam, tuwo ma haka, amma duk abin da ke narkewa a baki wucewa yake yi salin-alin ba ya tsayawa gaisuwa. Shayi mai kauri da madarar gwangwani, tuwon madara, gullisuwa, fura da aka dama da suga har cokali na tsayawa, biskit da aka tsoma a Milo. Ba ka zama ka ci kwano guda, wannan gaskiya ne, kuma da shi kake rantsuwa. Tsakura kake yi, tun daga hantsi har bayan isha'i, kamar kaza a masussuka. In aka tara abin da ka tsattsaga a wuni, ya fi kwanon tuwon da ka bari nauyi a jiki. Kwalbar Coca-Cola guda, 'yar santilita 35 ɗin nan, tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi wa baligi lafiyayye alheri shi ne kada ya wuce kamar cokali shida a wuni, kai kuma da ƙwan kaza a ciki kana shanye biyu kafin la'asar, kana girgiza ta wai don iskar ta fita. Harajin naira 10 da aka ɗora wa kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, ina jin rabin abin da aka tara daga aljihunka ya fito.

Sai ranar sunan nan a Tudun Wada. Aka kawo tire, alkaki yana ninƙaya a zuma, ga nakiya, ga dubulan. Na ga idonka ya canza. Ka ɗauki alkaki biyu ka ce na albarka ne, ka kora da Maltina mai sanyi. Minti ashirin ba a yi ba gumi ya jiƙa maka hula, zuciya na dukan uku-uku, ciki na ƙugi har na kusa da kai ya matsa. Ka miƙe za ka nemi bayi, jiri ya mayar da kai kan tabarma. Wata gwaggo ta fara tofa maka addu'a, wani ya ce a kawo tazargade, wani ya ce ai dama tun da aka taɓa cikin mutum a ƙasar waje sai a hankali. Ni kaɗai na san aljanin, don na ga shigarsa da zuma a jiki.

Likitoci na kiran wannan abu damfin, ni kuwa damfara nake ce masa, don haka yake aiki. Da can tumbinka yana da ƙofa a ƙasa mai sakin abinci kaɗan-kaɗan. Yanzu an kewaye ƙofar, sai zaƙin ya afka hanji gaba ɗaya, ya jawo ruwa daga jini, shi ne gumin da murɗawar da gudawar. Wannan zagaye na farko ke nan. Na biyu ya fi mugunta, yana zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku. Suga ya haura a jini da gudu, jiki ya firgita ya saki insulin fiye da kima, sai sugan ya faɗo ƙasa warwas. Hannu ya kama rawa, ido ya yi duhu, jiki ya ce a kawo zaƙi yanzu-yanzu ko a mutu. Ka jefa alewa, ka ji sauƙi, bayan awa biyu a sake sabon lale. Don haka rabin kwaɗayin nan naka ba halin Zazzagawa ba ne, ko da yake na so a ce shi ne. Alewar ƙarfe goma ce take aiko ka neman ta sha biyu.

Zan faɗi laifinmu, amma kada ka saba jin haka daga bakina. Lokacin da kake da teɓa muna kiranka Alhaji ikon Allah. Da ka rame, mu ne muka riƙa tambaya a ɓoye ko wani ciwo ne, mu ne masu cewa ɗan taɓa mana ko loma ɗaya, ai ba a ƙin abincin biki. Ni da kaina na kawo maka kwalin dabino mai cakulan daga Umara. Na kuma lura, tun da kasuwa ta ja baya ka fi yawan zama a mota kai kaɗai bayan magariba, kuma a lokacin ne ledar take ƙara. Wannan yunwar ba a tumbi take ba, shi ya sa wuƙar Alƙahira ba ta same ta ba.

To ga umarnin ubangida. Ka koma wurin likita, ka faɗa masa gaskiya har da ta cikin mota, wata takwas ke nan kana tsallake ranar ganinsa don kunyar ma'auni. A auna jininka, don matarmu ta ce ƙwayoyin ƙarin jini da bitamin B12 da na ƙashi, waɗanda aka ce har abada za ka riƙa sha, suna nan a kan firji ƙura ta rufe su. Ka fara kowane ci da nama ko kifi ko ƙwai ko wake, ka tauna kamar mai jin tsoron ƙashi, ruwa kuma sai bayan rabin awa. Ci uku da ɗan abin taɓawa a lokaci sananne, a faranti, a zaune, a gaban mutane. In abin ya ƙi, akwai allurai irin su Ozempic da likitoci kan ɗora wa wanda ƙiba ta fara dawo masa bayan tiyata, amma likita ne zai rubuta, kada in ji ka aiki yaro Sabon Gari.

Watan cika-ciki ya kusa, kuma bana an ɗauke maka wannan aiki, cokali shida sun gama da kai. Kuɗin sharata kuwa ba na son takarda. Mazarƙwailar mota nake so, da ta aljihun babbar riga, da wadda ke bayan littattafai a falo, wadda kake zaton ba wanda ya sani. Ina nan tafe ranar Asabar da dambun nama da dafaffen ƙwai biyu. Kuma ni zan tuƙa, don na san da mun iso Tashar Yari za ka ce fitsari ya kama ka daidai rumfar mai rake.